Tsibirin da Yayana Ya Tsare

Yayana soja ne. Shekara biyu ya yi a Tafkin Chadi, a kan wani tsibiri da ko a taswirar da nake koyarwa da ita a makarantarmu ta Mabera babu shi. Ya dawo mana gida, unguwar Runjin Sambo, da hannun hagu a shanye, harsashi ya tsinka jijiyar. Abokansa biyu can aka rufe su.

Ranar sunan ɗiyar ƙanwarmu, bayan la'asar, Kawu, wan mahaifiyarmu, ya shigo tsakar gida ana raba fura. Ya dubi hannun Yaya, ya girgiza kai.

"Duk wagga wahala don ɗan tudun laka? Ko gero bai hita nan. Da kun bar ma 'yan ta'adda shi, mi za ya rage ma ƙasa?"

Yaya ya sunkuyar da kai. A gidanmu ba a mayar wa Kawu magana. Amma ni ce nake ɓalla wa Yaya maɓallin riga kowace safiya, sai na miƙe.

"Kawu, a gafarce ni. Kun taɓa tambayar shi amfanin wurin?"

Inna ta harare ni. Ban zauna ba. Na ce, "Yaya, gaya musu abin da kag gaya min."

Ya ɗago kai ya ce, "Tafkin duk ciyawa ta, Kawu. Hanyoyin jirgi ukku ɗai, kuma gaban tsibirin nan sunka gamu. Wanda duk ka zaune bisa, shi ka ganin kowane kwalekwale, na mai, na abinci, na makamai. Sadda yana hannun 'yan ta'adda, masunta ba su hita sai da izninsu. Da munka amshe shi, mutanen bakin ruwa sunka koma ƙauyukansu."

Kawu ya ce shi har yanzu bai ga abin ba da rai a ciki ba.

Na ce, "Ku ba ku gani ba. Shi ya gani."

Kawu ya ajiye kofinsa ya fita. Washegari Inna ta tilasta mini zuwa gidansa a Ƙofar Marke in ba shi haƙuri. Na je, na durƙusa, na nemi gafarar ɗaga murya gaban mutane. Ya tambaye ni ko na janye maganar. Na ce a'a. Ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata, ni kuma duk Juma'a sai na je na gaishe shi.