Zogalen Nana da Na Kai Tibiri

Waɗanda ke gidan da asubar ranar, a unguwar Zariya ta Maraɗi, su ne ni Tasalla, da ɗiyata Nana wadda ke takabar mijinta, da yaranta Rabi da Sani da autan da ke goye, da Lawali ɗan ƙanena mai tuƙa adaidaita. Sai Malam Sha'aibu, wan marigayin, wanda bai shigo ba, ya tsaya bakin zaure yana ɗaga murya don mu ji. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Na faɗa ne Nana ta rubuta, don matan unguwa sun ishe ni da tambaya, kowace ta ɗauki labarin ta ƙara masa nata gishiri.

Ga mafarin abin. Mai takaba ba ta fita kasuwa, ga baki huɗu na jiran abinci. Sai Nana ta fara sa hoton busasshen zogale a waya, mutane na gani suna saye tiya ɗaya, tiya biyu. Rannan wata mata da ta ce sunanta Madam Zulai, mai gidan abinci a Tibiri, ta aiko da murya tana son buhu uku. Nana ta ce Tibiri ai nan kusa ce, za a kai mata har tasha ta biya in ta gani. Ta sayar da jajayen akuyoyinta biyu, iyakar abin da ta mallaka, don ta sari kayan.

Malam Sha'aibu ya ce cinikin waya cinikin iska ne. Ya ce ranar da kayan nan suka salwanta zai kwashe Rabi da Sani ya kai su ƙauye wajen danginsu, don ba zai zuba ido 'ya'yan ƙanensa su kwana da yunwa ba. A raina ni ma ban yarda da cinikin ba. Tun ina budurwa nake saye da sayarwa a kasuwa, ban taɓa ba wa mutum kaya ban ga ƙwayar idonsa ba. Shi ya sa na ce ni zan kai da kaina.

Maraɗi zuwa Jiratawa

Mun fita bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. A shingen bakin gari ɗan sanda ya haska mu da fitila ya nemi kart, wato katin shaida. Na kwance bakin zane na ba shi. Ya dubi hoton ya dube ni ya ce, Inna, nan kin fi fara'a. Na ce masa ranar ba a tsayar da ni kan hanya ba.

Daga nan gudron ne, titin kwalta har Jiratawa, tafiyar ba ta da nisa. Lawali ya cika ni da labari. Ya ce yanzu rabin aikinsa kai saƙon matan da ke ciniki ta waya ne, turare da atamfa da kilishi, har ya daina jiran fasinja a bakin kasuwa. Sai kuma bakinsa ya kai shi ga wani mai kabu-kabu da aka ce an kira ta waya ya kai kaya wajen gari, ba a sake ganinsa ba, ba shi ba babur. Ya faɗa yana dariya, wai ƙila ƙarya ce. Ni kuwa na riƙe maganar a raina.

Jiratawa

Rana na fitowa muka shiga cikin lambuna. Ruwa na gudu a magudanan siminti, ga albasa ga tattasai, ga zogale layi-layi ya fi mutum tsawo. Mun sauka gidan Sahiya, wadda Nana ke sarin ganye wurinta. Ta ba mu kunu da ƙosai mai zafi.

Na san gidan nan tun ɗaki ɗaya ne da danga. Yanzu na tarar da ɗaki uku na kwano, mata biyar zaune a rumfa suna tsinke ganye, kowace ana biyanta. Sahiya ta ce da sai dillali ya zo ya yanka mata kuɗin da ya ga dama, in ta ƙi ganye ya lalace. Yanzu daga Agadas da Yamai ake kiranta, ta sa a mota, kuɗi su zo ta waya. Na tambaye ta ko ba a taɓa cinye ta ba. Ta ce sau ɗaya, kuma wanda ya yi mata haka ya fi kowa iya gaisuwa.

Na zura hannu har gindin kowane buhu, na shinshina, na tabbatar ba ƙasa ba kara. Sannan na ce Lawali ya sake kunna mini muryar Madam Zulai, wadda Nana ta tura masa. Na saurara da kyau. Kakata ta wajen uwa Bagobira ce, na san yadda mutanen Tibiri ke lanƙwasa harshe. Wannan mata ba haka take magana ba. Na ce wa Lawali matar nan ba 'yar Tibiri ba ce. Ya ce, Gwaggo, aure na kai mutum ko'ina. Na ɗaure ɗankwalina da ƙarfi.

Hanyar Tibiri

Sai da muka sake ratsa Maraɗi, sannan muka ɗauki hanyar yamma. Ban bari mun biya gida ba, don kada Nana ta ga fuskata. Manyan motoci na wuce mu, iskarsu na jijjiga adaidaitar, ni ina rungume da buhu ɗaya, ƙafata kan ɗaya. Duk babur da ya biyo bayanmu sai na waiwaya na ƙidaya mutanen da ke kansa.

Tibiri

Da hantsi muka isa. Matar ta ce a tsaya bakin tasha kusa da farmasi. Ga tasha, ga farmasi, muka tsaya. Na tambayi mai shayi, na tambayi mai fura, na tambayi wani tsoho mai tsagar Gobir da ya ce ba gidan da bai sani ba a garin. Ba wanda ya taɓa jin wata Madam Zulai mai gidan abinci.

Lawali ya kira ta. Ta ce ai ga ta tsaye bakin tasha tun ɗazu, sanye da koren mayafi, ba ta ga wata adaidaita ba. Muka duba gabas muka duba yamma. Ba koren mayafi. Ta ce to mu wuce makaranta, mu gangara bayan gari wajen rijiya, gidanta na nan. Sai rezon waya ya yanke.

Lawali ya tayar da inji. Na miƙa hannu na zare makullin na jefa cikin rigata. Ya ce, Gwaggo, rana na yi. Na ce masa uwarka ba ta haife ka don ka gangara bayan gari wajen muryar da ba ta da fuska ba.

Muna cikin haka wayar ta yi ƙara. Wannan karon namiji ne, murya mai kauri. Ya ce mu tsaya inda muke kada mu motsa, yana aiko da samari biyu a kan babur su zo su same mu. Ya tambaya mu nawa ne, kuma akwai namiji a cikinmu?

Na tuna mai kabu-kabun nan. Na tuna Nana da ba ta gama kukan miji ba, na ga ana shigo mata da labarin uwa. Na ga Malam Sha'aibu riƙe da hannun Rabi da Sani. In na gudu na bar buhunan, yara sun tafi. In na tsaya, Allah kaɗai ya san abin da ke tafe. Can sai ga babura biyu sun taho daga yamma, mutanen sun rufe fuska da rawani. Na kama wuyan hannun Lawali har sai da ya yi ƙara. Suka zo daidai mu, suka rage gudu, suka sayi goro wajen wata yarinya, suka wuce.

Ban jira na uku ba. Na ba Lawali makulli na ce ya kai mu wajen jandarma.

Wanda muka tarar matashi ne, yana cin dambu a kwano. Na faɗa masa komai. Ya goge hannu ya ce a kira lambar a buɗe murya kowa ya ji. Matar ta ɗauka. Ta ce samarin sun zagaye tasha sau biyu ba su ga kowa ba, mu faɗa mata gaskiya, mu su wane ne? Na karɓe wayar. Na ce bari in kama maƙaryaciya da bakinta.

"Ke baiwar Allah, in da gaske kina Tibiri, hwaɗa mini, daga tasha zuwa fadar Sarkin Gobir, dama ake bi ko hagu?"

Sai ta ce:

"Wane Sarkin Gobir, Inna? Ni ina Tibirin Dogon Dutsi."

Jandarman ya ƙware da dambu. Sai da ya sha ruwa sannan ya iya bayani. Ashe akwai wata Tibiri can yamma, a wuce Ƙonni, a wuce Dogon Dutsi, tafiyar yini guda a babbar mota. Ita ma tana da tasha, tana da farmasi. Ni da furfurata ban taɓa sanin Allah ya yi Tibiri biyu ba. Mu nan in an ce Tibiri ba a tambayar wacce. Su ma can haka. Madam Zulai kuwa ta ga hoton zogale ne kawai a waya, ta ɗauka Nana 'yar Dogon Dutsi ce. Namijin da ya kira mu mijinta ne, ya tambayi yawanmu ne don tsoron kada mu ne 'yan fashin.

Ta ce tun safe take cikin tsoro saboda mu. Na ce nawa ya fi. Muka yi dariya, sannan na tsaya na sha fura a bakin hanya.

Komawa gida

Mun iso Zariya da la'asar, buhu uku na nan yadda muka fita da su. Malam Sha'aibu na zaune bakin zaure kamar tun safe bai tashi ba. Ya dubi buhunan ya ce a fara haɗa wa yara kayansu. Nana na daga cikin ɗaki, na ji ta fashe da kuka.

Na ce Lawali ya sake kiran matar. Na ce mata ni ba zan sa kaya a mota su tafi garin da ban taɓa gani ba sai na ga kuɗi. Ta ce ita ma ba ta taɓa aika kuɗi ga wanda ba ta gani ba. Sannan ta ce, "Tsohuwar da ta kai ni wajen jandarma ba za ta cuce ni ba. Ku duba waya."

Kafin magariba saƙon kuɗin ya shigo wayar Nana, cif, har da na mota. Lawali ya kai wa Malam Sha'aibu ya karanta da idonsa. Ya juya wayar, ya sake karantawa, ya ce to, a bar yaran tukuna a gani. Ya sa takalmi ya tafi. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Sahiya da Lawali, da jandarman da na hana cin dambunsa.

Washegari da sassafe na kai buhunan tashar manyan motoci da kaina. Na ɗinke bakin kowane da ɗinkin da zan gane in an kwance, na sa aka ɗauki hotonsu aka tura mata. Na sa direba ya maimaita mini sunan garin sau biyu, da Dutsin a ƙarshe. Da na dawo na kama hannun Rabi da Sani na raka su lakwal, na bi da su ta ƙofar shagon Malam Sha'aibu ko da yake ba nan ce hanya ba, na sa suka gaishe shi. Sannan na leƙa ɗakin Nana na ce mata, daga yau duk wanda ya kira ya faɗi garinsu, ko Makka ya ce, ki tambaye shi wacce.