Usur a Bakin Gari

Ana sallame asuba muka tashi daga Gusau ranar Talata, a bayan motar gyaɗa da makaranta ta ɗauko shata. Yara ashirin ne, 'yan ƙungiyar nan da ke fita ƙauyuka lokacin hutu suna yashe rijiyoyi da share kasuwa, su kuma ga ƙasa. Malaminsu saurayi ne, bai daɗe da fitowa koleji ba. Ni malamin sito ne, an haɗa ni da su don na san hanya. Ba wanda ya tambaye ni yadda aka yi na san ta.

Hanyar Tsafe gargada ce, duk ramin da mota ta faɗa sai guga da igiya su yi sama, yara su sa ihu. Mun tsaya gindin dutsen Kwatarkwashi, malam ya sa suka zana shi a littafi, na wani ya fi kama da tulu. A Tsafe muka karya da ƙosai, biyar kwabo. Muka zaga kufan 'Yandoto, sannan muka nufi wani ƙauye da aka ce rijiyarsa ta cushe, mata na tafiyar rabin yini neman ruwa.

Tun daga nesa na gane tsamiyar bakin garin. A shekarun yaƙin duniya na zo nan da takarda da usur, ina tara mazan da za a tura aikin dole na haƙar kuza. Ƙa'ida ita ce gida ɗaya mutum ɗaya. Wani mai hali ya ba ni rago na tsallake gidansa, na cike gurbin da 'ya'ya biyu na wata mata da mijinta ya rasu.

Da na ga malam ya jera yara sahu cikin kaki, ya ɗauko usur, na san abin da zai biyo baya. Magana ɗaya ta isa in hana shi. Amma in na faɗa, zai tambaye ni inda na sani. Na yi shiru, ya busa.

Kafin mu kai masallaci gari ya watse. Maza sun haura danga sun shige duwatsu, wani masaƙi har takalmansa ya bari. Tsofaffi da awaki suka rage. Yara suna dariya, wai an ɗauka allura muka kawo. Sai ga wata tsohuwa ta fito tana dogara sanda. Ba ta dubi kowa ba sai ni.

"Gemu ya yi hwari, amma tafiyar ba ta sake ba," in ji ta. "Mutum nawa kaka so wanga karo?"

Malam ya ce, "Inna, rijiya muka zo gyara muku, kyauta."

"Ɗana, wancan karon ma wanga mai gemu cewa ya yi wata huɗu za su yi su komo. Babban ɗana ya komo da tari, bai ga kaka ba. Autana ko kabarinai ban sani ba. Tambaye shi."

Na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini don Allah."

"Tashi, kar ka ɓata wandon aiki. Ragon ya yi daɗi?"

Har la'asar muna zaune gindin tsamiya. Dattawa suka ce ba baƙon da zai shiga rijiyarsu masu gari ba su nan. Muka kwashe igiya muka koma Tsafe.

Washegari muka bi ta Gusau zuwa Bungudu. A hanya na faɗa wa malam komai, yara na ji. Na ce a bar mota nesa, a kai wa mai gari goro, a ce gayya ce, a sa makaɗi ya kira mutane. Haka aka yi a wani ƙauye kusa da Nahuce. Maza suka fito da kansu, kafin azahar an kai ga ruwa. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Yaran da a da ke rige-rigen kawo mini buta suna ce mini Baba suka ci abinsu, ba wanda ya ce mini bismilla.

Ranar Alhamis muka dawo gida. Malam ya ce za su koma ƙauyen farko hutu mai zuwa, amma ba da ni ba. Ya yi daidai. Sai dai hutu mai zuwa saura wata uku ne, kuma damina ba ta kusa, matan can za su ci gaba da tafiyar rabin yini saboda shirun da na yi.

Abin da na koyo ke nan. Laifin farko kwaɗayi ya sa ni. Na biyu kuwa da furfurata na aikata shi, don kawai yara su ci gaba da ce mini Baba.