Kwantaccen Cikin Gwaggo

Shekarun baya, ina aji uku a jami'a, na zo hutu Kankia na tarar da albishir: wai kwantaccen cikin gwaggona ya tashi. Shekara tara ana cewa ciki ya kwanta mata, ita kuma ba ta taɓa haihuwa ba. Yanzu ga shi ya fito, har ta sayi zanen goyo a kasuwar Kusada.

Na je gaishe ta. Ciki ya yi girma, amma wuyanta ya rame, loma uku take yi ta ce ta ƙoshi. Sai na tuna karatunmu. A zangon da ya wuce aka koya mana furotin ɗin da ke kula da ƙwayoyin jiki: wani ya ce wa ƙwaya ta rabu biyu, wani ya ce ta dakata, wani ya ce ta mutu in ta lalace. A sankarar ƙwan mace, masu tsawatarwar ne ke yin shiru, masu zugawa su yi ta zugawa. Ni har waƙa na rubuta a kan ƙwayar da ta manta mutuwa, ina jin kaina.

Na zauna na zuba mata karatun nan kaf, tana tsince wake.

"Ɗiyata, mi kike son cewa? Yi mani Hausa."

Sai na ce, "Gwaggo, yana motsi?"

Ta ture waken gefe. "Bai taɓa ba."

Mahaifiyata ta yi mani faɗa da na koma gida. "Ke da ko aure ba ki yi ba, mi kika sani a kan ciki?" Amma kwana biyu bayan haka gwaggo da kanta ta aiko in raka ta asibitin Katsina a ɗauki hoton cikin.

Babu ɗa. Ƙari ne da ruwa.

A mota ta ce, "Wato gero ne ya fito goma a rami guda, mai ragewa ya yi barci." Abin da na kasa faɗa ke nan.

An yi mata aiki, ta sha ƙarin ruwan magani, ta ƙara shekara huɗu a duniya. Har yau ban san ko na kyauta mata a wannan makon ba. Na dai san bayanina bai kai ta asibiti ba, tambaya ɗaya ce ta kai ta.

Zanen goyon ni ta ba. Da shi nake goya ɗiyata, mai sunanta.