Laifin da Na Ɗora wa Kawu Bukar

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Bukar, ƙanin mahaifiyata, mai shagon buga manyan alluna a Sabon Gari. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yi masa sadaka in ja bakina. Bana na ga shirun ya isa, domin a gaban mutane na yi masa ƙarya, a gaban mutane kuma ya kamata in janye ta.

A shekararsa ta ƙarshe na samu rumfa a wani baje koli, zan kai turaren wuta da humra, sana'ar da marigayiya Inna, mahaifiyarmu, ta bar mana. Na so hotonta ya cika bangon rumfar. Wanda ke hannuna kuwa ta waya aka turo mini, ya bi hannuwa da yawa kafin ya iso. Kawu ya buɗe shi a kwamfuta, ya faɗaɗa shi, ya girgiza kai.

"Yagana, wannan ba zai ɗauki bango ba," ya ce. "Allon kan titi daga nesa ake hangensa, ko hoton bai cika ba ido ba ya ganewa. Rumfa kuwa taku biyu mutum zai tsaya yana kallo. Ki je Kwaciri wurin yayarki ki karɓo ainihin hoton na kati, in kwafo shi da inji."

Bai tsaya nan ba. Ya buga idon Inna kaɗai a girman da zai fito a bango, ya miƙo mini. Duk ya dagargaje, ba a bambance ƙwayar ido da kwalli. Na gani sarai. Amma a lokacin wata biyar muna gaba da Yaya Falmata, kuma na rantse ba ni zan fara taka ƙofarta ba. Na ce ya buga haka nan, ni na ji na gani. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya buga.

Ranar buɗe kasuwar fuskar Inna ta fito kamar an watsa mata ruwa. Matan Fagge da suka san ta suka yi cirko-cirko. Wata dattijuwa ta ce, "Wa ya yi wa Hajiya haka?" A gefena akwai 'yan kasuwar Singa biyu da na san wurin Kawu suke kai aiki. Ban ko yi tunani ba na ce, "Kawu Bukar ne. Kun san tsufa, idon ya fara tafiya."

Maganar ta zaga. Mai aikin hoto in aka ce ba ya gani, an gama da shi. Masu kawo masa aiki suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya. Sai a zaman makokinsa matarsa ta gaya mini cewa tun a makon nan labarin ya iso gare shi, kuma abin da ya ce kawai shi ne, "A ƙyale ta, kunya ce ta kama ta." Watanni muna haɗuwa yana tambayata yara da ciniki, ni ina zaton bai sani ba.

Yau wayoyi sun zo da manhajar da ake cewa tana gyara tsohon hoto. Na gwada da wancan na Inna. Wata kyakkyawar mata ta fito tas, da hancin da ba nata ba. Na san da Kawu na nan dariya zai yi, ya ce inji ba ya dawo da abin da babu, cankawa kawai yake.

Shagon ya koma hannun wasu, har sunan an sauya. Abin da ya rage shi ne mutanen da ya koya wa aiki, waɗanda har gobe ba sa buga komai sai sun nuna wa mai kaya gaskiyar abin da zai fito, ko da zai ji haushi. Sai kuma ni, da ya rufa wa asiri alhali da kalma ɗaya zai wanke kansa.

Ga duk wanda ya ji ni a rumfar nan, ko aka kai masa labari: ƙarya na yi. Har Allah ya karɓi ransa, Kawu Bukar ba da tabarau yake karatun Alƙur'ani ba. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini.