Kallon da Na Yi wa Motar Abokina

Ina shekara ta shida da tuƙa tankar ruwa a Riyadh abokina ya sayi motar kansa. Jirgi ɗaya ya kawo mu daga Kano. Wata Juma'a bayan la'asar ya ɗauke ni muka kai ta wani gareji a Gubaira a canza mata mai.

Yana can yana goge gilashi, ni kuwa na koma gefe na zuba mata ido. Bakaniken ɗan Filifin ne, Kirista, da Turanci muke magana da shi. Ya matso kusa da ni, ya rage murya, ya ce masu Turanci kallon mayunwaci suke kiran irin wannan kallo, wai ido na cin abin da ba nasa ba. Sannan ya ce, "Ɗan'uwa, ka manta ba ka ce masha Allah ba. A nan kowa yana faɗa."

Na faɗa da ƙarfi, har abokina ya waiwayo yana murmushi, ya ce, "Allah Ya kawo taka, mutumina."

Ni dai na san ba mantawa na yi ba. Tun a hanya kalmar take bakina, na ƙi furtawa.