Rijiyar Kaftin: Daga Garwa Zuwa Kolofata

Litinin, Garwa zuwa Marwa

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba Hamadu direba ya danna oda a ƙofar gidana a Jambutu, ya riga ladan tayar da unguwa. Ni malamin Jamusanci ne, shekara talatin ina koyar da shi a lise, wato makarantar sakandare, kuma tun da na yi ritaya babu wanda ya nemi ko gaisuwa da wannan harshe sai wannan baƙo. Muka ɗauke shi a masaukinsa a Pumpumre: dattijo Bajamushe, ya haura saba'in, rungume da jakar fata. Sunansa ya gagari bakin Hamadu, sai ya sa masa Jikan Kaftin.

Kakansa hafsan soja ne zamanin da Jamus ke mulkin ƙasar nan. Kafin mu wuce Pitowa na haddace tarihinsa. Gidansu gidan soja ne tun lokacin da hafsoshinsu ke sa gashin aro suna yi wa duk basaraken da ya kira su yaƙi. Kaftin ya shiga makarantar soja yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ya zama laftana, ya yi shekara tara a wani bariki yana jiran ƙarin girma. Da ya ji shiru ya roƙa a turo shi nan, inda igiya ke saurin hawa kafaɗa. Wasiƙun da ya rubuta wa uwarsa na cikin jakar. A ciki ya ce mutanen ƙasar sun ɗauke shi uba, har ya haƙa musu rijiya a wani ƙauye gaba da Kolofata. Ita za mu gani.

Bakwai da minti ashirin jandarma ya tare mu a Figil.

"Ina zuwa?"

Na ce, "Neman rijiya, shef."

"Binuwai ta ƙafe ne?"

Jikan Kaftin ya zaro hoto ya miƙa masa: mutum tsaye ƙiƙam, gashin baki kamar ƙahon bauna. Jandarma ya ƙare masa kallo ya ce, "Ɓata ya yi?" Na ce ya fi shekara ɗari da rasuwa. Ya ɗaga sanda ya ce, "To ku hanzarta, kada ku makara."

Kilomita ɗari biyu da 'yan kai muka yi zuwa Marwa, muka isa sha ɗaya da rabi, bayan mun gaisa da kowane rami na hanyar. Muka sauka gidan ɗan'uwana Alhaji Sabo, mai sayar da yadi. Aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa, da soyayyen giwan ruwa, kifin da a Faransanci muke kira kaftin. Alhaji ya gutsuri tsoka ya ce, "Malam, gaya masa mu ma muna son kaftin ƙwarai, in ya ji mai da barkono." Na juya na ce wa baƙo, "Ya ce sunan kakanka yana bakin kowa a nan." Ya dafa ƙirji ya yi godiya. Haka na yi ta yi duk tafiyar: magana ta shigo da ƙaya, in fitar da ita da auduga.

Talata, Marwa zuwa Kolofata

Shida daidai muka tashi. Kilomita sittin zuwa Mora, inda aka haɗa mu da sojoji biyu 'yan rakiya, don Bature ba ya bin wannan hanya shi kaɗai. Gindin dutsen Mora, inda sojojin Jamus suka taɓa ja daga a yaƙi, baƙo ya sa aka tsaya, ya cire hula yana kallon sama, ya ce lallai mazaje sun hau nan. Hamadu ya ce, "Kakana ma ya hau, da akwatin harsashi a ka. Shi dai ba a yi masa hoto ba." Na fassara cewa direba na yaba tsayin dutsen.

Goma da kwata muka wuce Kolofata, muka bi turba zuwa ƙauyen. Rijiyar na nan, bakinta ya sha igiya har ya yi zane, mata na ɗiba. Aka kira mana Baba Modu, tsoho Babarbare mai kusan shekara casa'in, wanda ya iya Hausa tun yana yawon kasuwa. Baƙo ya buɗe jaka ya fito da allon tagulla da ya sa aka zana a ƙasarsu: don tunawa da Kaftin da ya shayar da jama'a. So yake a kafa shi jikin rijiyar.

Na karanta wa Baba. Ya gyaɗa kai.

"Allah sarki. Ai Kaftin mai tausayi ne, ɗana. Bai son ganin dokinsa da ƙishirwa. Don dawakinsa aka haƙa ta, mutum kuwa in ya matso sai bulala. Kuma ba wannan ce ta fari ba. Ta farin ta rufta da mutum biyar. Kakata ta ce har azahar ana jin muryarsu. Ya hana a tono su, wai za a ɓata masa yini. Ya ce a matsa taku uku a soma sabuwa. Ɗaya daga ciki ubanta ne." Ya nuna da sandarsa. "Ga su nan, inda baƙonka ke tsaye."

Jikan Kaftin ya dube ni yana murmushi. "Me ya ce?"

Na buɗe baki, audugar ta ƙare. Hamadu ya ce a hankali, "Malam, yau kam ka fassara."

Na fassara, ban rage ko wasali ba.

Baƙo ya dubi takalmansa. Ya ja da baya, ya ƙara ja, ya zauna a ƙasa daɓas. Matan rijiya suka saki guga suna kallo. Can ya ce in tambayi sunayensu. Baba ya lissafa huɗu, baƙo na rubutawa a bayan ɗaya daga cikin wasiƙun.

"Na biyar fa?"

"Wani falke ne aka kama a hanya da jakinsa. Babu wanda ya tambayi sunansa. Bahaushe muke ce masa."

Wannan ma na fassara, amma sai da na yi gyaran murya sau biyu. Kakannina fatake ne, da jakai suka zo ƙasar nan.

Baba ya sa aka jawo guga, ya cika ƙwarya ya miƙa wa baƙo. Baƙo ya tsaya yana kallon ruwan. Baba ya ce, "Sha. Ruwa bai yi wa kowa laifi ba." Ya sha. Allon tagulla kuwa wata mata ta juya shi ta ce zai yi murfin tukunya, aka bar mata.

Laraba, komawa gida

Muka kwana Marwa, muka kamo hanya bakwai na safe. Wannan karon babu tarihi. Sai da muka hango Garwa baƙo ya ce min yana da yaya mace, shekararta tamanin da biyu, tana jira ya kai mata hoton allon jikin rijiya.

"Me zan gaya mata?"

Na ce, "Daga Hausa na kawo maka shi. Daga Jamusanci zuwa Jamusanci kuwa, wannan aikinka ne."

Ƙarfe ɗaya saura muka sauke shi. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, har Hamadu ya kawar da kai.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Alhaji Sabo da iyalinsa, da Hamadu, da Baba Modu da ya riƙe wannan magana tsawon rayuwarsa har mai ita ya zo. Bayan la'asar na roƙi limamin unguwarmu a yi wa mutum biyar addu'a. Na faɗi huɗu. Ya ce, "Na ƙarshen fa, Malam?"

Na ce, "Yi kawai, Liman. Wanda ake roƙo ya san sunansa."