Jirgin da Ya Tashi Ya Bar Ni a Shekarar Fari

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai iya kwashe tafiyar da na yi zuwa gida a shekarar farin nan, zamanin soja. Ina karatun aikin gona a Kanada sai saƙon yayana ya iso: gero bai yi ba, gidanmu na Matamaye zai kwashe zuwa Najeriya bayan Sallah, amma Inna, mahaifiyarmu, ta ce ba inda za ta sai ta gan ni.

Matar da ke sayar da tikiti ta nuna mini hanya biyu. Ta farko in sauka Paris in yini in kwana, amma jiragen Yamai ba sa yankewa a can. Ta biyu in sauka wani birnin Turai, in fita daga wannan jirgi in faɗa wancan, sai dai na Yamai sau ɗaya yake tashi a mako. Ta ce, "In na farko ya makara fa?" Na yi murmushi. Ni ɗan Matamaye ne, inda mota ba ta barin tasha sai ta cika, in ka makara ma direba ya aika a kira ka. A raina, tunda an san da zuwana, ai za a jira ni. Na ɗauki ta biyu ina ganin na yi wayo.

Ƙanƙara ta riƙe jirginmu na farko. Da muka sauka na yi gudun da ban taɓa yi ba, na tarar ƙofar shiga jirgin Yamai a rufe. Na ce wa ma'aikacin, "Uwata ce ke jirana." Ya tausaya mini, amma abin da ya iya faɗa shi ne sai wani mako. Ranar na gane sauri ya haifi nawa. Na zauna ina kallon jiragen wasu ƙasashe suna tashi, baƙin ciki kamar ya kashe ni.

Daga Yamai na bi mota zuwa Damagaram, sojoji na sauke mu a kowane shinge. Da na shiga gidanmu ba kukan akuya, ba hayaniyar yara. Inna na tarar ita kaɗai tana wanke anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ba a ci sai yunwa ta kai maƙura. Ta rame har na kusa kasa gane ta.

"Inna, ina mutanen gidan?"

"Sun tafi. Yara ba sa iya jira, ni na ce su wuce."

"Ke me ya hana ki bin su?"

"Ka taho daga ƙarshen duniya ka iske ƙofa a kulle?"

Na yi niyyar kai ta wurinsu, sai muka ji an tsaurara tsaron iyaka, kuma ƙafarta ba ta iya bin daji. Ba ta sake ganin jikokinta ba sai da damina ta zagayo, ƙaramin ma bai dawo ba, can aka binne shi. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba.

Tun daga nan, in zan zaɓi inda zan sauya jirgi, ba na tambayar wace hanya ta fi kusa. Nakan tambayi yaushe wani zai tashi in wannan ya kuɓuce, sannan in tuna wanda ke can gida, wanda shi ne zai sha wahalar makarata.